Daren da cinnaka ya kai mu likita

A gidanmu cinnaka ba abin ba da labari ba ne. Tun muna yara, in ya cije ka sai ka daka tsalle, ka sosa wurin, a yi maka dariya, wani babba ya ce "cinnaka ba ka san na gida ba", shi ke nan an wuce wurin. Ni kuma sana'ata hatsi: gero, wake, aya da riɗi, ina da ɗan ɗakin ajiya a cikin gidana nan unguwar Zariya a Maraɗi. Inda hatsi yake kuwa, ba a raba shi da tururuwa da cinnaka. Shi ya sa ran da uwar yarana ta fara ce mini in cinnaka ya cije ta jikinta duka yake ƙaiƙayi, har tafin hannu da tsakar kai, ban ɗauki maganar da nauyi ba. Ce mata na yi jikin ƴan gayu gare ta. Sau biyu ta faɗa mini a cikin bazara, sau biyun ina dariya.

Abin ya faru kwana biyu bayan ruwan shuka. Kuran ya ɗauke tun magariba, ɗakuna suka zama tanda, muka fito da tabarmi tsakar gida kamar kowa. Wajen ƙarfe 11 na dare ta zabura.

"Malam, haska mini, wani abu ya cije ni a cinya."

Na kunna fitilar waya. Cinnaku uku ne a cikin zaninta, baƙaƙe, irin waɗanda muka sani. Na murtsuke su da yatsa, na ce ta kwanta. Ba a yi minti goma ba ta tashi zaune tana susar tafin hannu da tafin ƙafa kamar za ta cire fatar. Na sake haskawa, sai na ga jikinta ya yi rudu-rudu tun daga wuya har ciki, leɓenta na sama ya kumbura, idanunta sun soma shigewa.

Inna, mahaifiyata, tana wurinmu. Ta leƙo daga ɗakinta, ta duba, ta ce borin jini ne, a shafa mata toka a ba ta manja ta sha. Abin da aka yi mana ke nan muna yara, kuma ban taɓa ganin wanda ya mutu ba, don haka na tafi madafa neman kwalbar manja a cikin duhu. Na ɓata lokaci a nan, na sani. Da na dawo da cokali ta kasa haɗiyewa. Muryarta ta dishe, numfashinta yana wani ƙara siriri kamar na mai asma. Ta ce, "Malam, maƙogwarona yana rufewa." Ta yunƙura za ta je bayan gida saboda cikinta yana murɗawa, taku biyu ta yi ta zube.

A ƙofar gida akwai wata mota da ƙanena ya aiko mini daga Amurka ta tashar Kotonu don in sayar masa, wata biyu tana ƙarƙashin dogon yaro ba a samu mai saye ba. Ita na tayar. Ni da maƙwabcina muka ɗauke ta muka kwantar a kujerar baya, Inna ta riƙe kanta tana salati. Ban san yadda na bi ramukan ruwan nan na unguwa ba.

Wata ƴar kilinik mai kwana a buɗe muka fi kusa da ita. Likitan da ke gadi a daren, saurayi ne, bai tsaya tambayar kati ko kuɗi ba. Kallo ɗaya ya yi mata.

"Mi ya cije ta? Tun yaushe?"

Na ce cinnaka, kuma sai da na ji kunyar faɗa, kamar na zo masa da wasa. Bai yi dariya ba. Ya sa aka shimfiɗe ta, aka ɗaga ƙafafunta a kan matasai, ya zuƙi wata ƴar allura ya soka mata a gefen cinya ta waje, tun kafin ya gama auna tansiyo. Ya ce adiranalin ce. Daga nan aka sa mata iskar numfashi a hanci, aka ɗaura ƙarin ruwa. Ina tsaye ina kallon ƙirjinta. Bayan ƴan mintoci ƙarar nan ta soma raguwa, ta buɗe ido ta tambaya ko an rufe wa yara ƙofa.

Na ce to mu tafi gida ke nan. Ya ce a'a, sai da safe, don wannan abu yakan lafa sannan ya dawo bayan wasu awoyi. Da dare ya raba, wurin ya yi tsit, ya jawo kujera ya zauna kusa da ni a baranda ya yi mini bayanin da har yau ban manta ba. Ya ce dafin cinnaku uku bai isa ya kayar da babban mutum ba. Jikinta ne ya yi mata wannan aiki. Cizon da aka yi mata a baya ya sa jikin ya haddace dafin, ya riƙe shi a matsayin abokin gaba. Ya ce in ɗauka ƴan banga ne da suka taɓa ganin ɓarawo sau ɗaya, ran da ya sake leƙowa, maimakon su kama shi sai suka cinna wa unguwar wuta. Jijiyoyin jini su saki gaba ɗaya, tansiyo ya faɗi, hanyar numfashi ta kumbura. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi fata kawai take kwantarwa, ba ta buɗe maƙogwaro, ba ta ɗaga tansiyo. Allurar nan ce maganin, kuma da wuri ake son ta.

Sai ya juyo kaina. Ya ce wanda ba ya iya haɗiya ba a ɗura masa komai, manja ko ruwa, don yana iya bi ta hanyar numfashi. Wanda jiri ya kama a irin wannan hali kuma ba a barin shi ya miƙe tsaye, kwantar da shi ake yi a ɗaga ƙafafu, in numfashi ne ya fi tsananta a jingina shi. "Alhaji, in ka ga borin jini ya haɗu da kumburin baki, ko dishewar murya, ko jiri, ko amai, kada ka nemi komi. Mota za ka nema." Ban je Makka ba, amma a daren ban gyara masa ba. Da safe ya rubuta takarda da Faransanci, ya ce ta riƙa yawo da ita a jaka, duk likitan da ya gani zai gane. Kuɗin duka ya tashi jika 20 da ƴan kai, ban taɓa biyan kuɗi da daɗin rai irin na ranar ba.

Na ɗauka magana ta ƙare nan. Ashe wani sabon tashin hankalin yana jira a waya.

Da hantsi na kira ƙanena ta WhatsApp don in gaya masa motarsa ta yi rana. Yana zaune a Hustan ta jihar Teksas shekara da shekaru. Ina faɗin cinnaka sai ya katse ni.

"Yaya, wane launi ne? Ja ne? Kusa da motar take kwance?"

Ya ce a can akwai wata da Turawa suke kira tururuwar wuta, kuma motar ta yi makonni a wani fili mai ciyawa kafin a loda ta jirgi. Ni dai sunan bai kwanta mini ba, don tururuwarmu baiwar Allah ce, jidar hatsi ta sani. Cinnakan wuta ya fi dacewa da abin da ya kwatanta mini, kuma haka muke ce masa a gidanmu tun daga ranar. Ya ba ni labarin haɗuwarsu ta farko. Yana sabon zuwa, ya tsaya a kan ciyawa da silifa yana waya, bai ji hawansu ba sam. Sai da suka kai gwiwa sannan suka sakar masa wuta kusan a tare, kamar an watsa masa garwashi. Washegari duk inda suka taɓa ya fito da ƙurji ƙarami mai farin kai, sahu-sahu, wasu a zagaye. Ya ce zagayen nan dalili gare shi: cinnakan yakan kama fata da baki ya riƙe, ya lanƙwaso gindi ya soka ƙari, ya zare, ya ɗan juya a inda ya riƙe, ya sake sokawa.

Bai bar ni da labari ba. Ya fita bayan gidansu da wayar a kunne, ya nuna mini wani tulin ƙasa mai laushi a tsakiyar ciyawa, kamar an kifa ƙwarya. Babu rami a samansa ko ɗaya, ya ce ta hanyoyin ƙarƙashin ƙasa suke shiga da fita. Ya ɗauki sanda ya tsokana sau ɗaya. Wallahi kamar kunu ya tafaso. Jajaye-jajaye, manya da ƙanana a cakuɗe, suka kama sandar suna hawa da gudu har sai da ya jefar. Ya ce, "Yaya, ka duba cinyarta gobe. In ka ga farin ƙurji, to ni na jawo muku."

Ranar ban je kasuwa ba. Na fitar da shimfiɗun motar, na ɗaga kujeru, na buɗe but, na ciro tayar ajiya, na leƙa ƙarƙashi da fitila. Ɓawon gyaɗar yarana kawai na samu, ashe sun daɗe suna shiga wasa a ciki.

Maƙwabcin da ya taya ni ɗaukarta yana da ɗa mai karatun aikin gona a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Da ya ji abin da nake yi sai ya shigo ya ce, "Baba, wahala kake sha. Kamo su za ka yi mu duba." Ya ce in sayo alkol a farmasi in zuba a ƴar kwalba, in jiƙa tsinken tsintsiya in riƙa ɗauko su ɗaya-ɗaya ina jefawa ciki, daga inda aka shimfiɗa tabarmar da kuma kewayen motar, kwalba daban-daban. Da la'asar na durƙusa a tsakar gida, ƙaton mutum da gemu yana farautar cinnaka da tsinke, yara sun kewaye ni. Ɗaya ya samu bayan hannuna. Zafin da na sani ne, ya yi ja ya ɗan tasa, kafin isha ya wuce. Abin da ya kusa kashe matata ke nan, ni ko barci bai hana ni ba.

Yaron ya zo da gilashin ƙara girma da farar takarda. Ya zube su a kai, ya ce in dubi ƙugu, wurin nan siriri tsakanin ƙirji da gindi inda suka yi zanzaro. Ya ce cinnakan wuta ƙulli biyu gare shi a nan, kamar an jera duwatsun carbi biyu. Na duba, na sake dubawa. Namu ƙulli ɗaya ne, mai kauri, tsaye. Launi kuma baƙi ne, can kuwa ja ne mai duhun gindi, tsawonsa daga milimita 2 zuwa 6. Na kewayen motar da muka kama, kiyashi ne da tururuwa biyu. Washegari muka duba cinyar: ja da kumburi, babu farin ƙurji. Na aika wa ƙanena hoto, ya ce alhamdu lillahi har sau uku, sannan ya tambaya ko an taya motar.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wani ne. Yaron ya ɗauki cinnaka ɗaya da ɗan hantsaki, ya matsa gindinsa a hankali a ƙarƙashin gilashin, sai ga wani tsinke siriri ya leƙo.

"Ka gani, Baba? Mu muna cewa cizo. Harbi ne, irin na kunama da rina. Bakin riƙewa kawai yake yi."

Shekara arba'in da wani abu ina cewa cinnaka ya cije ni. Ina ganin da a ce tun farko harbi muke ce masa, da ba mu raina shi haka ba, don babu wanda yake jin kunama ta harbi matarsa ya ce mata jikin ƴan gayu. Ya ƙara da cewa duk waɗanda muke gani suna yawo mata ne, ma'aikata, kuma ƙarin nan asalinsa bututun saka ƙwai ne da ya rikiɗe ya zama makami, shi ya sa namiji ba ya harbi. Kudan zuma in ya harbi mutum ƙarinsa yakan maƙale ya mutu, cinnaka kuwa zarewa yake yi ya sake. Inna ta ce ita dama ta san sharrin nan sai mata. Uwar yara tana kwance a ɗaki ta ce ta ji.

Cikin masu zuwa dubiya akwai wata Hajiya da ta yi shekaru a Saudiyya. Da aka nuna mata kwalbar sai ta ce, "Wannan ai samsum ne. Larabawa ba sa wasa da shi, ana kwasar mutane zuwa asibiti a kansa." Yaron ya ce gaskiyarta, irinsu ɗaya, masana suna kiran shi Brachyponera sennaarensis, sunan daga garin Sennar na ƙasar Sudan. Ɗan ƙasa ne a wannan yanki namu na Afirka, yana cin ƙwari yana kuma jidar ƙwayar hatsi da ta ciyawa, yana son ƙasa mai laima kusa da mutane. Wato ni da ɗakin ajiyata da randunan gidana mun haɗa masa aljanna.

Yaron ya bayyana mini dalilin farin ƙurjin da ba mu gani ba. Dafin cinnakan wuta daban yake da na yawancin masu harbi. Kusan kashi 95 cikin 100 nasa wani sinadari ne mai kama da mai, wanda ba ya narkewa a ruwa, ana ce masa solenofsin. Shi ne yake ƙuna, shi ne yake kashe naman wurin da ya shiga, cikin kwana guda ya tara farin ruwa. Ruwan nan babu ƙwayar cuta a cikinsa, sai in mutum ya fasa da farce sannan ya zama gyambo. Ɗan ragowar dafin kuma furotin ne, kuma shi ne yake tayar da irin bala'in da muka gani ga wanda jikinsa ya ƙi shi. Dafin namu cinnakan galibinsa furotin ne, shi ya sa ba ya barin ƙurji. Hanyarsu daban, amma dukansu suna iya kai mutum gadon da aka kwantar da matata.

Tun da hankalina ya kwanta, sai son sani ya kama ni, na riƙa tsare yaron da ƙanena da tambaya. Ashe shi ma cinnakan wutar baƙo ne a Amurka. Asalinsa Kudancin Amurka ne, wajajen Ajantina da Faragwai da Birazil, jiragen ruwa suka kai shi tashar Mobil ta jihar Alabama a shekarun 1930, daga nan ya mamaye kudancin ƙasar. Sunansa na masana Solenopsis invicta, kalmar ta biyun tana nufin wanda ba a ci da yaƙi ba, kuma an sa masa ita a 1972 bayan an sha fesa masa guba har da jiragen sama bai gushe ba. A 2001 aka gan shi a Birisben ta Ostireliya, a 2023 aka ba da labarin gidajensa 88 a tsibirin Sisili na Italiya. Galibi ta hanyar kaya yake tsallaka ƙasashe: ƙasa, tukwanen shuke-shuke, kwantena. Don haka tsoron ƙanena ba shirme ba ne, musamman ga gari irin namu da kaya ke shigowa dare da rana daga ƙasashen waje. Sai dai yaron ya ce ma'aikata goma ko ɗari in sun biyo mota ba su kafa komai, mutuwa za su yi, sai da sarauniya mai ƙwai. Kuma fari ba ya yi masa daɗi. In da zai zo, ba tudunmu zai so ba, fadamar Gulbi da lambunan Jiratawa zai nema.

Sarauniyar nan ita ce gidan. A cinnakan wuta tana iya kai shekara 7, tana iya saka ƙwai har 1,500 a rana, gida ɗaya ya tara ma'aikata fiye da 200,000. Wasu gidajen ma sarauniyoyi da yawa ne a ciki. Bayan an yi ruwa, in gari ya yi ɗumi, sai ƴaƴan sarauta maza da mata masu fukafukai su tashi sama su yi barbara. Mazan su mutu, macen ta sauko ta karya fukafukanta da kanta, ta haƙa rami ta fara sabon gida da abin da ta ajiye na namiji, wanda zai ishe ta har ƙarshen ranta. Da na ji haka sai na tuna karin maganarmu, in tururuwa ta tashi lalacewa fukafukai take yi. Rabin gaskiya muka gani. Namijin ne yake lalacewa, ita kuwa ranar take kafa gari.

Labarin da ya fi ba ni mamaki na ruwa ne. Ƙanena ya ce a ambaliyar da ta ci Hustan a 2017 ya ga wasu jajayen faifai suna yawo a kan ruwa, ashe cinnakun ne. In ruwa ya cika gidansu sai su fito su kama juna da baki da ƙafafu su zama tabarma, su ɗora sarauniya da ƴaƴa a tsakiya, su yi ta shawagi kwana da kwanaki har su dafa tudu. Duk abin da suka taɓa hawa suke yi, ko itace ko ƙafar mutum. Asalinsu ƙasar fadama ce mai ambaliya kowace shekara, can suka koyo. Mu da kakanninmu suka baro tsohon gari a kwari suka hawo tudu bayan ambaliyar 1945, mu da muka ga abin da ruwan 2024 ya yi wa gidajen ƙasa a garin nan, na ce Allah Ya raba mu da ruwan da ke tafe da wuta a kansa. Yara kuwa labarin wani ɗan ƙuda suka fi so, wanda aka ɗauko daga Kudancin Amurka aka saki a can don ya rage su: yana saka ƙwai a jikin cinnakan, tsutsar ta haura cikin kai ta cinye, kan ya faɗi. Kwana uku ƙaramin ɗana yana tambaya ko ana sayar da ƙudan a kasuwa.

Saura aikin raba gidan da namu. Abin da na fara yi shi ne abin da kowa zai yi: na sayo fiya-fiya. Yaron ya gan ni da kwalbar ya riƙe hannuna. Ya ce, "Baba, a gidan da ke da hatsin sayarwa, da randa, da mai rarrafe? Za ka kashe na sama ka bar sarauniya a ƙasa, gubar kuma ku za ku shaƙa." Haka ya hana ni baƙin mai da kananzir. Ƙanena ya ce su a can abinci mai guba marar saurin kisa suke barbaɗawa. Dabarar ita ce babban cinnakan wuta ba ya iya haɗiye abu mai tauri, sai ya kai wa manyan tsutsotsin gida su narkar, sannan a bi da shi baki-baki har ya isa ga sarauniya. In gubar mai saurin kisa ce, mai ɗaukowa zai mutu a hanya. Dabara ce mai kyau, amma an yi ta ne don nasu, mu kuma abin da ke hannunmu muka duba.

Da yamma, rana ta yi sanyi, muka zuba ɗan tsakin gero a wurare huɗu muka zauna muna kallo. Cinnaka ba ya yin dogon layi irin na tururuwa, sai ka bi ɗaya da ido har ya shige. Haƙuri ake so. Kafin magariba mun gano ƙofofi uku, kowace da ɗan lallausan rairayi a bakinta: ɗaya a gindin randuna, ɗaya a ƙasan bangon ɗakin ajiya, ta ukun wurin famfon da ya shekara yana ɗiga ina cewa gobe zan kira mai gyara. Tazarar ta gindin randa da inda aka shimfiɗa tabarma a daren nan ba ta fi taku uku ba.

Da asuba, bayan an tura uwar yara da yaran zuwa gidan maƙwabta, muka aro tukunyar biki muka tafasa ruwa. Na sa takalmin roba na damina, na ɗaure bakin wando. Yaron yana sara da hauya, ni ina kwarawa. A gindin randa, kamu ɗaya da rabi a ƙasa, muka tarar da ɗakunansu, ga tarin ƙwayar gero da riɗina da suka sata, ga wasu abubuwa farare da masu ruwan ƙasa kamar shinkafa. Inna ta ce ƙwai ne, yaron ya ce ƙwan ya fi haka ƙanƙanta, waɗannan tsutsotsi ne da waɗanda ke kwance suna jiran zama manya. Ma'aikatan ba ta kansu suke ba, kowace ta ɗauki ɗaya a baki tana neman hanya. Na ɗan ji wani abu, sannan na tuna ƙarar numfashin nan na kwara. Kwana huɗu muna maimaitawa, don na bangon ɗakin ajiya sun yi zurfi, kullum da safe sai mu ga sabon rairayi.

Sauran aikin na kuɗi ne da na gyaran hali. Aka gyara famfo. Magini ya toshe tsagogin bango, ya yi wa randuna dakali na siminti. Buhunan hatsi suka hau katako, aka bar tazara tsakaninsu da bango, kuma duk ran da aka auna hatsi sai an share an kwashe. Na sayi gadon ƙarfe na tsakar gida, ƙafafunsa huɗu a cikin gwangwanayen tumatir da ruwa. Ita kuma ba ta taka ƙasa babu takalmi, ba ta ɗaura zanin da aka shanya sai ta kakkaɓe, takardar likita tana cikin jakarta tare da katin ɗan ƙasa. Maƙwabta biyu masu abin hawa sun san in na buga musu ƙofa da dare ba tambaya ake yi ba. Motar ƙanena dai an saye ta, wani ɗan Tibiri ya ɗauka, sai da na ji kamar kada in bayar.

Inna har yanzu tana cewa tokar da ta shafa ce ta riƙe ta har muka isa. Ba na musu da ita.

Mako uku bayan haka aka kwana ana ruwa. Da safe ina alwala sai na ji uwar yara daga bakin zaure, ta tsaya nesa-nesa tana nuna gindin dogon yaro da tsinken tsintsiya.

"Malam, baƙinka sun dawo."

Na leƙa. Ɗan rairayi ne sabo, lallausa, da rami a tsakiya, ɗaya ta fito da ƙwayar ƙasa a baki ta ajiye ta koma. Na ce wa babban yaron ya je gidan Hajiya ya sake aro tukunyar, ni kuma na shiga neman takalmin roba.